Ciwon Baƙo, Na Wane Ne?

Gaisuwar Hausa ba ta bar wa mutum gurbin da zai ce ba shi da lafiya ba. Idan aka ce maka ina kwana, amsar ɗaya ce, ko da kuwa ka kwana kana juyi a kan tabarma. Idan aka ce ina gajiya, sai ka ce babu, alhali ƙafafunka sun kumbura. Majinyacin da ciwo ya yi nisa da shi, in aka tambayi masu jinyarsa yaya mai jiki, cewa za su yi da sauƙi. Babu mai kiran wannan ƙarya, domin kowa ya san gaisuwa zaure ce, ainihin labari yana can cikin gida. Sai an zauna, an sha ruwa, an gama tambayar iyali da gona, sannan gaskiyar jiki kan fito, in akwai wanda ya isa a gaya masa. Mutum ɗaya ne al'adarmu ta bari a zauren nan ba ta nuna masa hanyar shiga ba, shi ne baƙo. Ana sa ran ya ci abin da aka ba shi, ya yaba, ya kwana inda aka shimfiɗa masa, ya tashi ya ce lafiya lau, har ranar da zai yi sallama.

To, idan mutum ya tsallake iyaka ya je ƙasar abokinsa, ya sauka a gidan iyayen abokin, sai jiki ya ƙi, me ya wajaba a kansa? Ya daure ya ɓoye don kada ya ɗora wa masu masaukinsa nauyi, ko ya faɗa ya ɓata musu shirin da suka yi? Mutane da yawa da nake girmamawa suna ganin ɓoyewar ita ce mutunci. Ni kuwa ina ganin ciwon baƙo, tun daga sa'ar da ya ajiye jakarsa a gidan wani, ya daina zama nasa shi kaɗai, kuma mai gida yana da haƙƙin a sanar da shi. Sai dai hujjar masu ɓoyewa ba ƙarama ba ce, kuma wanda ya fi kowa iya kawo ta kawuna ne.

Ni mutumin Madachi ne a ƙasar Rano. Ina da aboki Badamagare, wanda muka yi karatu tare a Kano. Sau biyu yana yin hutu a gidanmu, ya ci tuwon dawarmu, ya bi mu gona, har yaran unguwa suka saba da shi. Shekara huɗu yana cewa in zo in ga garinsu, ina cewa sai an kwana biyu. A watan Oktoban 2022 aka yi masa haihuwar fari, ya buga waya ya ce wannan karon babu uzuri. Lokacin an gama yankan gero ana cirar gyaɗa, kuma na bar gida da wata kasala da nauyin kai irin wanda duk manomi ya sani a kaka, wanda ba a fasa tafiya dominsa. Na biyo ta Kano da Daura, muka tsallake a Kongolam, muka ratsa Matamaye, muka shiga Damagaram da la'asar, saura kwana biyu suna.

Ya riga ya tsara mini komai. Zai kai ni unguwar Birni in ga fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a goshi, mu hau manyan duwatsun nan da garin ya zauna a tsakaninsu, mu shiga Kasuwar Dole in ga aikin dukawa. Yana faɗa mini, da alfaharin da ban taɓa ji a bakinsa a Kano ba, cewa nan ne babban birnin Nijar a zamanin Faransawa kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Washegari da azahar sanyi ya rufe ni a cikin ranar da kowa ke neman inuwa. Aka kawo abinci na kasa kai loma biyu. Na kira shi gefe na ce masa, “Mutumina, jikina ba daidai yake ba, zazzaɓi nake ji.” Bai tsaya tambaya ba, ya tare ɗan kabu-kabu muka tafi likita, wato asibiti a bakin mutanen can. Aka soki ɗan yatsana, bayan kamar kwata na awa aka ce masassarar cizon sauro ce. Da yake ina amai sai da aka yi mini ƙarin ruwa, shi kuwa a kan benci ya kwana a daren da ya kamata a ce yana gida yana karɓar baƙin suna. Da aka raɗa wa ɗansa suna da safe, ina kwance a ɗakin ƙaninsa ina jin addu'ar ta taga. Ban ga Birni ba, ban hau dutse ba.

Da na dawo Madachi na ba da labari, kawuna ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai. Ya ce, “Kai ɗan nan, kwana uku ne ka kasa daurewa? Ka je gidan mutane, a wata ƙasa, suna cikin sha'ani, ka kwanta musu. Mutumin nan ya sayi rago, ya sayi goro, ga mai jego, ka ƙara masa kuɗin magani. Da ka haɗiyi ƙwayarka ka yi shiru, ka taya su murna, ka zo gida mu yi jinyarka.”

Ba zan raina wannan magana ba, domin tana tsaye a kan abubuwan da suka riƙe zamanmu. Akwai kara, wadda ke sa mutum ya haƙura da abin da yake da iko a kansa don ya sauƙaƙa wa wani. Akwai kunya, akwai dauriya. Akwai kuma sanin cewa Bahaushe mai masauki ba ya iya cewa ba ni da shi: in ka nuna masa buƙata, ko bashi zai ci ya biya ta, ba kuma za ka taɓa ji ba. Saboda haka duk abin da baƙo ya furta, ko da a matsayin labari ya furta shi, umarni ne a kunnen mai gida. Kawu ya haɗa da hadisin da aka sani, wanda ya iyakance liyafa ga kwana uku, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. A ganinsa mara lafiya a gidan suna ƙunci ne, ko da na yini ɗaya ne. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma raɓa ba ta barin taɓo.

Abu na farko da wannan hujja ta ɗauka ba tare da ta duba ba shi ne cewa ciwo yana ɓoyuwa. Jiki magayi ne. Mai zazzaɓi zai iya riƙe bakinsa, amma ba zai iya cin abinci ba, ba zai iya dariya a inda ake dariya ba, zai nemi ɗaki a lokacin da ake nemansa a waje. Masu gida za su ga duk wannan, kuma tun da ba a ba su dalili ba, za su nemo wa kansu. Harshenmu ma ya shirya tarkon: jimlar da muke cewa “ba na jin daɗi” ita ce ta mara lafiya, ita ce kuma ta wanda wuri bai yi masa ba. Tsohuwar da ta tashi tun asuba ta dama fura, ta ga an dawo mata da ƙwarya a cike, ba zazzaɓi zai fara zuwa ranta ba. Cewa za ta yi ɗan Nijeriya ya raina cimarmu. Wanda ya yi shiru don kada ya ɗora wa mutane nauyin jinya, sai ya bar su da zaton an ƙyamace su, kuma ban ga yadda wannan ya fi sauƙin ɗauka ba. Kuɗin magani ana biya a manta. Zaton raini kuwa yakan zauna a gida har bayan baƙo ya tsufa.

Ba masu gida kaɗai shirun ke zalunta ba, har da ƙasar da aka je gani. Ido mai zazzaɓi ba adali ba ne. Rana takan fi zafi, ƙura ta fi yawa, hayaniyar kasuwa ta zama azaba, kuma in mutum bai yarda a fili cewa daga jikinsa abin yake ba, a hankali sai ya jingina shi ga wurin. Ibn Batuta ya isa babban birnin Mali a 1352. Kwana goma da saukarsa suka ci wani fate na saiwa mai kama da gwaza, su shida, dukansu suka kwanta, ɗaya ya rasu, shi kuma ya yi wata biyu yana jinya. Abin da ya rubuta a kan Mansa Sulaiman cike yake da ɗaci: ya kira shi marowaci, ya yi wa abincin baƙunta da aka aiko masa dariya. Bayan watanni da ya kai kuka, sarkin ya nuna bai ma san da zamansa ba, daga nan ya ba shi gida da abin masarufi. Ba na cewa ciwo ne kaɗai ya rubuta wannan babi, domin mutumin ya yabi adalcin mutanen Mali da amincin hanyoyinsu. Amma yau shekara fiye da 600 ana karanta rowar wani sarki daga alƙalamin baƙon da ya fara sanin birninsa a kwance.

A tawa tafiyar akwai wani ɗan lissafi da ya wanke Damagaram. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kamar kwana 10 zuwa 15 bayan cizon kafin ya bayyana. Ni kuwa kwanana ɗaya a garin. Ashe sauron Madachi ne, na fadamunmu na ƙarshen damina, na ɗauko shi a jinina na tsallake iyaka da shi ba tare da jami'an kwastan sun gani ba. Mahaifiyar abokina ta riga ta fara cewa canjin ruwa ne, ruwansu ne bai karɓe ni ba, kuma a muryarta akwai neman afuwa. Da ma'aikacin likita ya yi bayani, sai na ga fuskarta ta saki. Da na ɓoye na dawo gida na kwanta, labarin da zai zaga Madachi shi ne wane ya je Nijar ya kwaso ciwo.

Akwai kuma abin da ya fi suna nauyi. Irin zazzaɓin da ya fi yawa a ƙasashenmu, in ba a yi maganinsa ba, yana iya tsananta cikin yini ɗaya, ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya ƙarar da jini. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, sabon da muka yi da shi ne ya sa muke kiransa ɗan zazzaɓi. Maganinsa kuwa na kwana uku ne, safe da yamma, in an fara da wuri. Dauriyar kwana uku da kawu ya nema ita ce daidai tazarar da ke tsakanin ƙwaya da gadon asibiti. In baƙo ya daure har ya faɗi, wa zai amsa tambaya? Mai gida ne zai buga waya zuwa wata ƙasa ya gaya wa uwar wani cewa ɗanta ba ya magana, kuma mun san tambayar da ke biyo baya a garuruwanmu: me aka ba shi ya ci? Baturen Ingila Hugh Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a lokacin da tsakaninsu ya yi tsami saboda yaƙin da ake yi da Barno. Yaronsa Richard Lander ya yi zargin guba aka ba shi. Clapperton da bakinsa ya kore zargin, ya ce ciwon ya samo asali ne daga ranar da ya fita farauta ya kwanta a ƙasa mai danshi. Maganar majinyaci a kan ciwonsa ita ce ta tsare mutuncin garin da ya sauke shi. Wanda ya ɓoye har harshensa ya karye ya tafi da wannan shaida.

Game da hadisin da kawu ya kawo, addinin da ya hana baƙo ƙuntata wa mai gida shi ne ya lissafa duba mara lafiya a cikin haƙƙoƙin da Musulmi ke bin ɗan'uwansa. Yaya mutum zai sauke haƙƙin da aka ɓoye masa? Kuma baƙin da suka fi kowane baƙo daraja a tarihinmu ba su ɓoye ba. Da Muhajirai suka isa Madina a 622, zazzaɓin garin ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Nana A'isha ta je ta duba su, ta ji Bilal yana bayyana kewar Makka a fili, ta kai labari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar a sa musu son Madina, a kuma ɗauke mata zazzaɓinta. Ba a ruwaito cewa mutanen Madina sun ɗauki kwanciyar baƙinsu ko kewarsu ta gida a matsayin butulci ba.

Yanzu in zo inda nake zaton ainihin maganar take, ko da yake ba ta da daɗin faɗi. Ba kowace ɓoyewa ce kara ba. Wani lokaci girman kai ne ya sa rigar kara. Muna son mu zama masu bayarwa, domin hannun da ke sama shi ake gani. Abokina ya ci a gidanmu, ya kwana a ɗakinmu, kuma ko ba a faɗa ba, hakan ya sa mu a wani matsayi. In na je garinsu ina lafiya, na ci na yaba na ba yara 'yan kuɗi na tafi, matsayin bai motsa ba, na je ne a babban baƙo. Amma in na kwanta, aka riƙe mini tasa ina amai, aka biya mini magani da sefa, to, na shiga bashin da ba a biyansa da tsaraba. Da yawa daga cikinmu 'yan Nijeriya muna tsallaka iyakar nan da wani tunani na babban wa, cewa mu ne masu yawa, mu ne masu kasuwa, su ne masu zuwa ci-rani. Ga kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, wanda ake dangantawa da yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarkin Kano Alu da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Ai kuwa ban tsira ba: wani baffan abokina ya leƙo ɗakin ya ce yau ga Bakano an kama ba tare da an harba kibiya ba. Na yi dariya har kaina ya sara. Amma abota da ɗaya ke bayarwa kullum, ɗaya na karɓa kullum, ubangida da yaro ne suke kiran kansu abokai. Mutumin da bai taɓa yarda abokinsa ya ga rauninsa ba ya hana shi rabin abotar.

Abin da na gani a kwanakin nan ba ya cikin tsarin da aka yi mini. Na ga yadda ake auna ruwa a gidan da ke sayensa a wurin 'yan ga-ruwa, a garin da ƙarancin ruwa tsohon labari ne, aka kuma ware mini bokiti guda don a riƙa jiƙa tsumma ana sa mini a goshi. Na ji mahaifiyarsa, a ranar sunan jikanta, tana barin mata a tsakar gida ta zo bakin ƙofa ta ce, “Ɗana, ka iya shan kunun?” in ce, “Na sha, Inna,” ta ce, “Ban gani ba, ƙara.” Fadar sarki tana nan, duk mai kuɗin mota zai iya zuwa ya gani. Wannan kuwa ba a nuna wa baƙon da ke tsaye da ƙafafunsa.

Duk da haka akwai saura a maganar kawu wanda ban iya kawar da shi ba. Abokina ma'aikaci ne, ya iya biya, kuma da na miƙa masa kuɗi ya ɓata rai har na mayar da su aljihu. Da manomi ne wanda ragon sunan ma bashi ne fa? A nan gaskiyar baƙo tana da farashi, kuma wani ne zai biya. Ban ce wannan ya halatta ɓoyewa ba, domin jinyar da aka jinkirta ta fi tsada, gawa kuma ta fi duka. Abin da ya wajabta shi ne baƙo ya san yadda zai faɗa. Faɗin ciwo daban, raki daban. Akwai baƙon da ke mayar da ciwonsa sarauta, a dafa wannan, a sauke wancan, a kashe rediyo, gida duka ya koma fadarsa. Wannan shi hadisin ya hana. Ciwon kan da ƙwaya ɗaya ke kora ba sai an tara jama'a ba. Amma duk abin da zai hana ka cin abincin mutane, ko yake iya kayar da kai, mai gida ya kamata ya ji shi daga bakinka, a keɓe, da wuri, kuɗin maganinka kuma a hannunka, ya karɓa ko ya ƙi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila kuwa tun kafin ya hau mota ya kamata abokinsa ya sani, don kada a tarbe shi da abin da zai cuce shi a kan ƙauna.

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ta yi watanni a rufe. Kawu ya ce to ga shi nan, dama ɗaya na samu na ƙarar da ita a kan tabarma. Har yau bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban sa ran zai sauya ba. Sai dai na san shi a matsayin mai masauki. Fataken da ke zuwa sayen hatsi daga wajen Kibiya da Rurum sukan kwana a zaurensa, kuma na taɓa ganin ya yi wa ɗaya daga cikinsu faɗa kamar zai doke shi, don ya gano mutumin ya kwana da ciwon ciki bai tashe shi ba. Yana cewa, “Gidan maƙiyinka ka sauka? In ka mutu a nan me zan ce wa mutanenku?” Na tuna masa da wannan, na ce, “Kawu, to me ya bambanta shi da ni?” Ya gyara zama, ya ɓare goro, ya ce, “Wannan ai a gidana ne.”